Yadda ake duba tsohuwar kyamarar fim, a gyara ta, a kuma adana ta

Kyamarar farko da na buɗe bayanta, baƙin danƙo ne ya tarbe ni. Ya manne min a yatsa kamar kwalta, ya ɓata gefen murfin, har ya fara gangarowa inda fim ke kwanciya. Na ce shi ke nan, wannan ta gama yawo. Ashe sosan da masu ƙera ta suka liƙa don tare haske ne ya narke saboda tsufa, kuma aikin yammaci ɗaya kawai take buƙata. Har yau tana ɗaukar hoto. Yawancin tsofaffin kyamarorin da ake cewa sun mutu, zama ne ya ɗaure su. Waɗanda suka mutu da gaske kuwa, da yawansu hannun mai ɗoki ne ya ƙarasa su: ya ga noti ya kwance, ya ga rami ya ɗura mai. Saboda haka zan nuna maka abin da za ka yi da hannunka, in kuma nuna maka inda za ka janye shi.

Wadda za ka fara da ita

A wajen mai gyara, kyamarorin fim kashi biyu ne. Akwai wadda sifirin da giya, wato ƙananan ƙarafa masu haƙora, ke tafiyar da ita kamar agogon da ake murɗawa, batir ba ya yi mata komai sai kunna ma'aunin haske. Irinsu Pentax Spotmatic ta 1964, Minolta SR-T 101 ta 1966, Olympus OM-1 ta 1972, Nikon FM ta 1977, da Pentax K1000 wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 har 1997. Ko ma'auninsu ya mutu, za su ɗauki hoto. Kashi na biyu su ne waɗanda lantarki ke buɗe musu shota, wato labulen nan da ke buɗewa ya rufe don haske ya taɓa fim. Canon AE-1 ta 1976 da Minolta X-700 ta 1981 suna cikin wannan sahu. Kyawawa ne, amma in babu batir babu hoto, kuma in wani abu ya ƙone a cikinsu sai ka nemi gawar wata ka ciro. Ni dai shawarata, ka fara da kashi na farko.

Ka kuma tambayi irin fim ɗin da take ci kafin ka ƙyasa. Fim mai lamba 135, wanda Kodak ta fito da gwangwaninsa a 1934, shi ne mai faɗin milimita 35, kuma har gobe ana yin sa. Haka ma 120, wanda ya samo asali tun 1901, shi ne abincin irinsu Rolleiflex, yana ba da hoto 12 masu kusurwa huɗu daidai. Amma wadda ke cin 126 ko APS, manyan kamfanoni sun daina yin fim ɗinta, ado kawai za ka saya. Mai cin 620 tana da mafita, domin fim ɗin ɗaya ne da 120, sandar naɗin ce ta fi siranta, sai dai za ka riƙa sake naɗe shi da hannu a cikin duhu.

Dubawa kafin ta zama taka

Tafi da ƙaramar tocila, da batir irin nata, da haƙuri. Fara shinshina ta. Warin ruma alama ce ta cewa ta daɗe a danshi, kuma inda danshi ya zauna funfuna ba ta nisa. Duba kan notunan jikinta. In ka ga sun kwarzane ko bakinsu ya cinye, wani ya riga ka shiga, kuma ba ka san abin da ya baro a ciki ba. Duba kusurwoyin saman. Lotsawa a nan na nufin ta sha ƙasa.

Buɗe gidan batir. Farin gari ko kore-kore na nuna batir ya fashe a ciki. In a bakin ƙarfen ya tsaya, gyaransa sauƙi ne. In ya bi waya ya shige ciki, ma'aunin haske na iya zama ya tafi.

Yanzu sai babban gwajin. Cire lensi, buɗe murfin baya, ja hannun naɗa fim, ka sa gudun shota a kan daƙiƙa 1, ka danna. Kasa kunne. Lafiyayyiya za ta yi "ziiii" a miƙe, ta rufe tsaf. Wadda manta ya bushe za ta yi ta jan ƙafa, ta tsaya a hanya, wani lokaci labulen ya ƙi rufewa sam. Bi sauran ɗaya bayan ɗaya: 1/2, 1/4, 1/8, har ƙarshe, kowanne ya zama rabin wanda ya gabace shi a kunnenka. Daga 1/125 zuwa sama kunne ba ya rarrabewa, ido ne zai yi aiki. Ɗaga ta wajen farin bango mai haske, ka leƙa ta baya, ka danna a 1/500 da 1/1000. Ya kamata ka ga walƙiyar cikakkiyar taga mai kusurwa huɗu. In gefe ɗaya ya yi duhu ko ba ka ga komai ba, labule na biyu yana kamo na farko kafin su kai ƙarshe, kuma wannan aikin gwani ne.

In labulen na ƙyalle ne, haska tocila ta gaba kana kallo ta baya, kafin ja da bayan ja, domin labulen biyu ne. Ɗigon haske ko da kamar kan allura ne zai fito a kowane hoto. Wannan ya fi samun kyamarorin da ba su da madubi tsakanin lensi da labule, irin su Leica da Zorki da FED, domin in aka bar su a rana babu murfi, lensi na tattara hasken ya ƙona ƙyallen. Kuma tunda na ambaci Zorki da FED na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, kada ka taɓa sauya musu gudun shota sai ka ja hannun naɗi tukuna, in ba haka ba za ka iya lalata abin da ke ciki.

Abu ɗaya da ba na gwadawa a tsohuwar kyamara shi ne ɗan hannun nan na gaba mai jinkirta ɗauka don mutum ya shiga hoton da kansa. Shi aka fi barin sa shekaru ba a taɓa ba, kuma in ya maƙale a rabin hanya yakan riƙe shota gaba ɗaya. Bar kaza cikin gashinta.

Wasu kyamarori suna da ciwon da aka san su da shi. Canon AE-1 takan yi wani kuka kamar tari in an danna, man giyar madubi ne ya bushe. Yashica Electro 35 ta 1966 tana da wata 'yar roba a ciki mai ruɓewa. In ka ja hannun naɗi ka ji "ƙwas" mai ƙarfi, robar tana nan. In shiru ne, ta tafi. A Olympus OM-1 kuwa, leƙa ta maleƙi ka duba ƙasan hoton. Tabo-tabo a nan na nufin sosan da ke kan gilashin saman ya narke ya cinye azurfar da aka shafa masa, kuma gogewa ba ta maganinsa.

Sai lensi. Buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, ka haska tocila ta baya a karkace, kana kallo ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane tsohon lensi yana da ita, ba ta fitowa a hoto. Abin tsoro uku ne: zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, wato funfuna, hazo da ya lulluɓe gilashi ɗaya, da launin bakan gizo a gefe, alamar danƙon da ya haɗa gilasai biyu ya fara saki. Rage ƙofar zuwa f/16, wato lamba 16 a zoben lensi, ka taɓa ɗan ƙarfen da ke bayan lensin. Ganyayyakin ƙarfen da ke tsuke ƙofar su rufe su buɗe cikin ƙiftawar ido, kuma su kasance a bushe. In suna sheƙin mai, za su riƙa nawa, hotuna su riƙa ƙonewa da haske.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Famfon iska na roba, hantsaki, tsinken gora ko na sakace, audugar kunne, sifirit mai ƙarfi irin aisofurofil, man layita, ruwan khal, takardar goge lensi, reza da rula ta ƙarfe. Sukudireba kuwa, a nan mutane ke faɗawa rami. Notunan kyamarorin Japan masu bakin gicciye na tsarin JIS ne, wato ma'aunin masana'antun Japan. Sukudireban Phillips yana kama da shi, amma ba ya zama daram, yana zamewa ya cinye bakin notin. Nemi na JIS masu lamba 0 da 00. Shimfiɗa farin tawul a kan tebur don abin da ya faɗi kada ya yi tsalle, ka ajiye faranti mai gida-gida don notuna, ka kuma ɗauki hoton kowane mataki da wayarka. Man feshi na WD-40 da man keken ɗinki kada su kusanci teburin. Suna malala su hau labule da gilashi, su tara ƙura, su mayar da ƙaramin ciwo babba.

Sauya sosan tare haske

Wannan ne aikin da kusan kowace kyamarar shekarun 1960 zuwa 1980 ke buƙata, kuma shi ne wanda za ka iya da kanka tun ranar farko. Sosan yana wurare uku: cikin siraran kwatoci biyu na sama da ƙasa inda bakin murfi ke shiga, gefen da murfin ke lanƙwasawa, da kuma saman akwatin madubi inda madubin ke bugawa in ya tashi.

Kafin komai, yanki 'yar takarda mai kauri ka rufe tagar shota, ka liƙe ta da salatif mai sauƙin ɓarewa. Ɓarɓashin tsohon soso ɗaya in ya faɗa kan labule, ya isa ya ɓata maka rana. Sassaƙe tsinken gora ya yi faɗin kwatar. Ɗiga sifirit ko man layita kaɗan a kwatar, bar shi minti biyu ya jiƙa danƙon, sannan ka tura tsinken daga wannan ƙarshe zuwa wancan kana kwashe baƙin kana gogewa a takarda. Kada ka yi da ƙarfe, zai kankare baƙin fentin, wurin ya riƙa mayar da haske. Daga nan naɗa 'yar takarda a bakin tsinken, jiƙa ta, ka yi ta bi har ta fito fes. Yakan ci awa guda, wani lokaci fiye. Kada ka gaji, domin sabon soso ba ya kama wurin da ke da sauran danƙo. Goge bakin murfin ma, shi ne ke ɗauke da rabin ƙazantar. Ka yi aikin inda iska ke shiga, nesa da wuta, domin man layita ba ya wasa.

A kwatar sama, wajen hannun dama, za ka ga wani ɗan ƙarfe ya leƙo. Shi ne ke mayar da ƙidayar hoto sifili in an buɗe murfi. Ka tsallake shi, kada soso ya danne shi.

Ana sayar da soso mai gam a bayansa, kauri milimita 1, 1.5 da 2, har da wanda aka yanka daidai da kowace kyamara. In da kanka za ka yanka, ɗora rula ka ja reza sau ɗaya, faɗin ya yi daidai da kwatar, wanda bai cika wuce milimita 2 ba. Ga dabarar da ke sauƙaƙa aikin: bayan ka ɓare takardar bayansa, shafa wa gam ɗin sifirit kaɗan. Zai daina kamawa na ɗan lokaci, ka samu damar zura shi ƙasan kwatar da tsinke ba tare da ya manne a bango ba, in sifirit ya bushe sai ya kama. Kada ka ja shi ya miƙe, zai tsuke daga baya ya bar giɓi. Wasu suna cusa baƙin zaren ulu a kwatar maimakon soso, kuma yana aiki sarai, ba ya narkewa. Gefen lanƙwasar murfi shi ya fi kowane muhimmanci, ta nan haske ya fi satar shiga, a ba shi faffaɗan yanki mai kauri milimita 1 zuwa 1.5. In ka rufe murfin ka ji ya ɗan yi tauri, daidai ne. Bar shi a rufe ya kwana. In kuwa sai ka danna da ƙarfi, sosan ya yi kauri.

Na saman madubi shi ne mai hatsari. Yana manne da faifan da kake ganin hoto a kansa in ka leƙa, kuma faifan nan na roba ne mai ƙananan zane-zane da ido ba ya gani. Na taɓa barin audugar da ke jiƙe da sifirit ta goge shi, nan take wurin ya yi fari kamar hazo, bai kuma dawo ba. Har yau in na leƙa kyamarar nan sai raina ya sosu. Rufe faifan da takarda, ka kifa kyamarar yadda ɓarɓashi zai zubo waje, ka ciro tsohon da hantsaki kaɗan-kaɗan, tsinken ma ɗan danshi kawai. Madubin kansa a fuskarsa aka shafa azurfar, ba a baya ba kamar madubin ɗaki. Hura masa iska ka ƙyale shi. Ƙurar da ke kansa ba ta shiga hoto, domin yana tashi kafin labule ya buɗe.

Maganar batir

Ɗiga ruwan khal a audugar kunne ka goge farin garin, za ka ga yana ɗan kumfa. Bi da sifirit, bar shi ya bushe, ka murza bakin ƙarfen da abin goge fensir har ya yi haske. Sau da yawa ma'aunin da aka ce ya mutu daga nan yake farfaɗowa.

Matsalar da ta fi wannan ita ce OM-1 da SR-T 101 da ire-irensu an yi su ne don batirin zaiba mai lamba PX625, wanda ke ba da bolt 1.35 ba ya hawa ba ya sauka. An daina yin sa saboda gubar zaiba. Wanda ke shiga gurbinsa yanzu bolt 1.5 yake bayarwa, kuma ƙarfinsa na raguwa a hankali, saboda haka allurar za ta riƙa yi maka ƙarya, ƙaryar ma ba iri ɗaya kullum ba. Mafita mai sauƙi ita ce batirin na'urar taimaka wa ji mai lamba 675, bolt 1.4. Ya fi ƙanƙanta, sai ka zagaye shi da zoben roba ya zauna. Aibinsa, da zarar ka ɓare takardarsa ya fara ƙarewa ko ba ka yi aiki da shi ba. Akwai kuma ɗan gida mai suna MR-9 da ake sa batirin azurfa a ciki ya rage masa ƙarfi. K1000 ba ta da wannan damuwa, SR44 ko LR44 take ci, sai dai ba ta da makashin ma'auni, murfin lensi ne ke hutar da batirin.

Funfuna, da inda za ka tsaya

In funfunar a bayan gilashin gaba take, a lensi mai sauƙi, kana iya kaiwa gare ta. Zoben da ke ɗauke da suna yakan kwance in ka danna shi da roba ka murɗa. Ciro gilashin, ka lura da fuskar da ke kallon waje, domin in ka juya shi hoto ba zai ƙara fitowa tas ba. Jiƙa shi da ruwan haidurojin na wanke rauni (hydrogen peroxide) mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, ka goge a hankali daga tsakiya zuwa gefe, kowace gogewa da sabuwar takarda. In bayan haka zanen yana nan, funfunar ta riga ta ci fatar gilashin, ka haƙura. Lensin da ya yi rawaya kuwa, kamar Super-Takumar 50mm f/1.4, sinadarin toriyom da ke cikin gilashin ne ya jawo, kuma hasken rana ko fitilar UV na 'yan kwanaki zuwa makonni yana washe shi. Irin wannan gilashi kada a fasa shi, kada a kankare shi.

Daga nan kuma ka yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido. Zaren murɗi irin na noti da ke tura lensi gaba da baya yana da bakin shiga da yawa, in ka raba shi ba ka yi alama ba za ka kwana kana neman daidai. Wasu notuna, musamman wajen hannun naɗi, hagu suke ɗaurewa, in ka matsa musu ta inda ka saba sai su karye. In ka kwance marikin mayar da fim, kada ka kuskura ka rufe murfin baya, domin sandarsa ce ke buɗe shi, in ta faɗa ciki ka kulle kanka a waje. Kyamara mai filashi a jikinta kuwa kada ka buɗe ta ko kaɗan, kafasitar ciki, wato ma'ajiyar wutar filashin, tana riƙe kusan bolt 300 ko bayan an cire batir. Gudun shota da ya karkace, labulen da ya huje, da saitin nesa da kusa da ya goce, kai wa mai gyaran da ke da na'urar awo.

Fim ɗin gwaji

Gani ya kori ji. Sa mata fim mai launi na ISO 200, wato lambar saurin kama haskensa, ka lura marikin mayar da fim yana juyawa duk lokacin da ka ja hannu, shi ne shaidar fim ya kama. A rana tsaka, f/16 da 1/250 za su ba ka hoto daidai, ka gwada abin da ma'auninta ke faɗa da wannan. Ɗauki abu ɗaya da 1/1000 a f/8, 1/500 a f/11, 1/250 a f/16. Haskensu ya kamata ya zo ɗaya. Rubuta kowanne a takarda. A tsakiyar fim ɗin, rufe lensi ka bar kyamarar a haske na wasu mintuna kana jujjuya ta, sannan ka ci gaba. In an wanke, karɓi nagatif ɗin ka duba da kanka. Jan tabo ko ruwan lemo a hoto na nufin haske na shiga ta baya, ka koma wa sosonka. Hotuna na hawa kan juna, giyar naɗi ce. Dogon layi daga farko har ƙarshe, akwai tsatsa ko ƙazanta a hanyar fim.

Ajiya da tarawa

Cire batir daga duk wadda ba za ka taɓa ba wata guda. Fitar da ita daga jakar fatarta, domin fata na riƙe danshi. Funfuna na son duhu, da iskar da ba ta motsi, da danshin da ya haura kashi 60 cikin 100. Akwatin roba mai rufuwa ruf, da ƙullin silika mai shanye danshi, da ɗan ma'aunin danshi sun wadatar, ka riƙe shi tsakanin kashi 40 da 50. In silikar ta ƙoshi, gasa ta a wuta marar ƙarfi ta koma aiki. Lensin da ke da funfuna a ware masa wurinsa. Ajiye shota a sake, ba a ɗane ba, kuma duk wata ka fito da kowace ka danna ta a kowane gudu sau da yawa, ka murɗa zobban lensi, don mai ya zagaya.

Wannan aikin na wata-wata shi zai gaya maka yawan da ya kamata ka tara. Na fi son mutum ya zaɓi hanya ɗaya ya bi, misali bakin lensi na M42 mai zare, inda Spotmatic ta Japan da Praktica ta Jamus ta Gabas da Zenit-E ta Sobiyat duk suke musayar lensi ɗaya, Helios-44 ya hau wannan ya sauka a waccan. Buɗe wa kowace shafi a littafi: lambar jikinta, ranar da ta zo hannunka, ranar da ka sauya soso, batirin da take ci, da abin da fim ɗin gwaji ya nuna. In kuma ka samu wadda ta lalace ƙwarai irin taka, kada ka raina ta. A kanta za ka koyi buɗe saman kyamara ba tare da fargaba ba, kuma ranar da wani ɗan noti ya yi tsalle daga tawul ya ɓace, a jikinta za ka ciro madadinsa.